Kafin Ka Sayi Kwamfuta Don Sana'a



An umarce ni da in yi magana a kan yadda mai ƙaramar sana'a zai zaɓi kwamfuta. Ni dai ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne kamar yadda kuka sani. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na taɓa tafka asara a wannan harka, kuma kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba.

Da ƙanena ya gama karatun safiyo, sai muka yi shawara ya buɗe shago a Jega, yana buga takardu yana kuma zanen filaye da gidaje. Na kwashi adashina, mahaifiyarmu ta sayar da tumakinta biyu ta cika mana. Na tafi Kano, na ga wata ƙatuwar kwamfuta ta kan tebur, mai shagon ya ce irinta manya ke saye. Na zazzage masa kuɗin kaf, ban bar ko na sitabilaiza ba. Ba a yi wata uku ba, wata rana aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone ta, har da zanen mutane da ke ciki. Mako uku shagon yana rufe. Ranar da na je yi wa tsohuwa bayani, ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Ga abin da na koya. Da farko, aikin da zai kawo kuɗi shi ke zaɓar kwamfuta. Wanda zai buɗe shago a Aliero, inda aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a shekarar 2006, yawancin masu zuwa wurinsa ɗalibai ne masu buga furojet da rajista ta intanet. Haka ma a Jega, ga ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ga 'yan kasuwa masu son rasit da takardar yarjejeniya. Irin wannan aiki, Core i5 mai RAM 8GB da ma'ajiyar SSD 256GB ta wadatar. Amma wanda zai riƙa zanen gonaki da filaye da AutoCAD, a ce a Maiyama, ya nemi mai RAM 16GB. Kada ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora ba.

Na biyu, kuma nan ne na faɗi, ka lissafa wuta kafin ka taya na'ura. Cajar laftof ta yau da kullum wat 45 zuwa 65 take ja, alhali ta kan tebur da allonta tana iya cin ninki biyu ko uku. Laftof kuma da batirinta take tafe, ko an ɗauke wuta aikinka yana nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai dogaro da janareto kusan gidan mai yake yi wa aiki. Ƙaramar sola tana ɗaukar laftof da firinta mai tawadar ruwa ba wahala. Amma firinta ta leza tana jan wuta sosai sa'ad da take ɗumama, har ta kashe ƙaramar inbata. Shawarata, kada kwamfuta ta ci fiye da rabin jarinka. Sauran na wuta ne da firinta da ajiyar ko-ta-kwana.

Na uku, yawancinmu ta hannu za mu saya, wadda ake kira tokumbo, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Sai dai a duba shekarunta. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11, in kwamfutar Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Saboda haka jin "Core i5" kawai bai isa ba, tambayi zubi na nawa ce. Kunna ta a gaban mai shago, zare caja ka ga ƙarfin batiri, danna kowane harafi, ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri ba, sannan ka karɓi rasit mai lambar na'urar.

Na huɗu, ka tuna inda za ta zauna. Ƙurar hunturu da zafin bazararmu ba sa raga wa na'ura. Sayi irin da masu gyara suka saba da ita, kamar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, domin kayan gyaransu ba su da wuyar samu. Rufe ta idan ka tashi, a riƙa share mata fanka. Aikin mutane kuwa amana ne, kullum yamma ka kwafe shi a wata ma'ajiya dabam.

Yau ƙanena da laftof ta hannu yake aiki, da falan sola biyu a kan rufin shago, kuma ya mayar wa tsohuwa tumakinta.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, muna da waɗanda suka karanci kwamfuta a cikinmu. A fitar da mutum biyu ko uku waɗanda duk ƙanenmu da zai sayi na'ura zai tuntuɓa kafin ya biya kuɗi. Da na sami mai raka ni kasuwa a wancan karon, da ban zo muku da wannan labari ba.

Malamanmu, idan na yi kuskure ku gyara mini kamar yadda kuka saba.