Jawabi A Kan Ƙaurace Wa Kantin Da Ya Baje Kayan Wulaƙanta Baƙar Fata

Wannan jawabi an yi shi ne a gaban jama'a a Tsiga, aka rubuta domin wanda bai halarta ba.

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane daga uba ɗaya da uwa ɗaya, ya saɓa harsunansu da launinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, dattawa da samari, manoma da 'yan kasuwa, mas'alar da zan yi magana a kanta yau ita ce wannan: idan mai kanti ya baje wani abu wanda aka ƙera domin a yi wa baƙar fata ba'a, shin ya halatta jama'a su haɗa baki su bar ciniki da shi? In ya halatta, bisa wane sharaɗi, kuma har zuwa yaushe? Kada wani ya ce wannan zancen mutanen ƙetare ne. Yawancin kayan da ke kantunan Funtua da Bakori da Malumfashi daga nesa suke zuwa, hoto kuwa yana biyo kaya kamar yadda ƙaiƙayi ke biyo hatsi.

Fasali na farko, labarin abin da ya auku

Ku sani, a cikin watan Disamba na shekara ta 2018 ta Miladiyya, wata mace lauya mai suna Chinyere Ezie, 'yar asalin Nijeriya, tana wucewa ta wata unguwa a birnin New York na ƙasar Amurka, sai ta ga an jera waɗansu 'yan gumaka a tagar kantin Prada, watau wani kamfanin mutanen Italiya mai sayar da jakunkuna da tufafin masu dukiya. Gumakan nan masu siffar biri ne, fuska baƙa wuluk, leɓɓa jajaye manya manya. An yi waɗansu domin rataya makulli, kuɗin guda ɗaya dala 550. Ta shiga kantin ta yi wa ma'aikata magana. Sa'an nan ta ɗauki hoton abin, ta baza shi a Facebook domin kowa ya gani da idonsa. Mutane suka taso suna cewa a bar sayen kayan kamfanin. Kafin a kwana biyu kamfanin ya kwashe gumakan daga kantunansa, ya daina sayar da su, ya ba da haƙuri. Hukumar kare haƙƙin mutane ta birnin ta bi bahasi, har a watan Fabrairu na 2020 aka ƙulla yarjejeniya cewa za a koya wa ma'aikatan kamfanin sha'anin bambancin launi, har da manyansu da ke birnin Milan.

Wataƙila wani ya ce, mene ne abin fushi a ɗan gunki? To, ku saurara. Siffar nan tana da asali. Tun wajen 1830, lokacin da baƙar fata ke cikin bauta a Amurka, waɗansu Turawa 'yan wasa suka riƙa shafe fuskarsu da baƙi, su zana leɓɓa manya, su hau dandali suna kwaikwayon baƙin mutum a kan shi wawa ne, malalaci, abin dariya. Bauta ta ƙare a can a 1865, amma siffar ba ta ƙare ba, ta koma jikin kwalaye da kayan wasan yara. A Ingila wani kamfani mai suna Robertson's ya riƙa buga irin wannan 'yar tsana a jikin kwalaben kayan zaƙinsa tun 1910, bai bari ba sai bayan shekara casa'in da 'yan kai. Wanda aka sayar da kakansa a kasuwa, idan ya ga wannan fuska a tagar kanti, ya san da wa ake. Zagi ne da aka sassaƙa, ana faɗinsa dare da rana ba tare da baki ya motsa ba.

Fasali na biyu, hukuncin abin da aka baje

Allah ya ambaci saɓawar launin mutane cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. A Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, a aya ta 13 kuma ya sanya fifiko ga tsoronsa. Wanda ya mai da aya abin dariya, da Mai ayar yake yi. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, ya aibata wani mutum ta wajen uwarsa, Annabi ya tsawata masa, ya nuna masa cewa wannan ragowar halin jahiliyya ne.

Malamanmu na ƙasar Sudan ba su yi shiru ba. Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu, wanda mutanen Maroko suka tafi da shi a kame bayan sun ci daular Songhai a 1591, ya rubuta littafinsa Mi'irajus Su'ud a 1615. A ciki ya bayyana cewa baƙin launi ba dalili ne na bautar da mutum ba, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi 'yantattu. Ku duba, shekara ɗari huɗu ke nan da aka ambaci ƙasarmu da sunanta cikin wannan mas'ala. Saboda haka baje irin waɗannan kaya munkari ne, ribarsu kuwa ba ta da albarka.

Fasali na uku, hukuncin ƙauracewa

Asalin ciniki yarda ne. Ba a tilasta wa mutum ya saya a wurin wane, kuɗinka naka ne, ƙafarka taka ce. Amma idan jama'a suka haɗa baki, abin ya zama makami, makami kuwa yana da hukunci. Tarihin Annabi ya nuna mana ƙauracewa iri uku.

Ta farko, ta Ƙuraishawa ga Banu Hashim da Banu Muɗɗalib a kwarin Abu Ɗalib. Kusan shekara uku ba a saya musu ba a sayar musu, har ana jin kukan yara saboda yunwa. Wannan zalunci ne, domin an haɗa mai laifi a ganinsu da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ta biyu, ta Sumamatu ɗan Usal, babban mutumin Yamama. Da ya musulunta sai ya hana hatsin ƙasarsa zuwa Makka. Da yunwa ta matsa wa mutanen Makka suka aika wa Annabi suna roƙo da zumunta, Annabi ya umarce shi ya saki hatsin. Ashe ko ƙauracewa mai dalili ana sassauta ta idan cutarta ta kai ga raunana.

Ta uku, ta Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Kwana 50 ba wanda ya yi musu magana. Amma ba wanda ya taɓa gidansu ko gonarsu, kuma ranar da aka karɓi tubarsu mutane suka yi ta rige-rigen kai musu bushara.

Daga waɗannan nake fitar muku da sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, a tabbata an ga abin da ido, ba ji na ji ba. Na biyu, a fara da nasiha a asirce, dattijo biyu ko uku su sami mai kanti su fahimtar da shi, domin sau da yawa ya sayo ne cikin dila bai san ma'anarsa ba. Na uku, a ambaci abin da ake nema a fili, watau sauke kaza, cire kaza, don ya san ƙofar fita. Na huɗu, ba duka, ba fasa kanti, ba zagin ƙabilarsa ko addininsa ko iyalinsa. Na biyar, ranar da ya gyara a koma ciniki da shi, a gaishe shi, kada a riƙa yi masa gori.

Ku dubi abin da barin sharaɗi na huɗu ya jawo. A watan Janairu na 2018 kamfanin H&M na ƙasar Suwidin ya yi tallan riga da hoton wani yaro baƙar fata, a ƙirjin rigar an rubuta kalmar da ta kira shi biri. Abu ne mummuna ƙwarai, kamfanin kuwa ya janye ya ba da haƙuri. Duk da haka, ran 13 ga watan, magoya bayan jam'iyyar EFF a Afirka ta Kudu suka afka wa kantunansa a yankin Johannesburg da Pretoria, suka watsar da kaya, 'yan sanda suka harba harsashin roba, aka rufe kantunan na ɗan lokaci. Su wa tsoro ya kama a cikin kantunan? Ma'aikata da masu saye, mutanen ƙasar. Zance kuma ya tashi daga kan zagin da aka yi ya koma kan ɓarnar da aka yi. Mace ɗaya a New York, da magana da hoto, ta sami abin da ya fi wannan.

Ku dubi kuma ƙarfin haƙuri. Baƙar fata na garin Montgomery a Amurka, da aka ƙi daidaita su da Turawa a kujerun motar haya, sun bar shiga motocin tun daga Disamba 1955, suka yi ta tafiya a ƙasa kwana 381, har shari'a ta rushe wannan doka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa da yawa ma sai sun ɗaga tare, a natse.

Fasali na huɗu, namu na gida

Yanzu sai mu juyo, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ku shiga shagon kayan shafe-shafe a kasuwanninmu ku dubi kwalayen man bilicin. Za ku ga mace ta farko baƙa, fuska a murtuke, ta biyu ta yi fari tana murmushi. Me wannan hoto ke gaya wa 'yarka mai shekara goma da ka aika sayen sabulu? Yana gaya mata launin da Allah ya ba ta cuta ce mai neman magani. A 2017 kamfanin Nivea ya kafa manyan alluna a Nijeriya da Gana yana tallan man da ke sa fata ta yi haske, mutane suka yi ta kiran a sauke su. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana sha'anin bilicin a matsayin abin gaggawa a ƙasar nan, saboda waɗansu mayukan suna ɗauke da guba mai ɓata fata da ƙoda. Cuta biyu ke nan a kwalba ɗaya, ta jiki da ta zuciya.

Kuma mai shago ba ya ajiye abin da ba a saye. Mu ne muke cewa a nemo mana amarya fara. Mu ne muke kiran yaro da baƙinsa idan za mu zage shi, muna tono wa mutum asalin bauta idan ya zo neman aure. Wanda ya ƙaurace wa shago alhali wannan magana tana bakinsa, ya sare reshe ya bar saiwa.

Ya ku 'yan kasuwa, ku bincika abin da kuka rataya, ku tambayi mai karatun boko abin da aka rubuta a jikin riga kafin ku saro ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya ku samari, idan kun ga abin ƙi, ku kawo wa manya, kada ku fara da dutse, kada ku baza sunan mutum a waya kafin a yi masa nasiha. Ya ku masu gida, ku gaya wa matanku da 'ya'yanku mata cewa launinsu ado ne daga Mahalicci, ku faɗa da bakinku tun kafin kwali ya faɗa musu wani abu dabam. Idan kuwa an yi nasiha sau ɗaya, sau biyu, sau uku, mai shago ya kafe, to, ku wuce shagonsa da sallama, ku kai kuɗinku gaba, har ranar da ya sauke.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya tsare harsunanmu daga izgili, ya tsare hannuwanmu daga zalunci, ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu. Amin.