Layya Ibada Ce, Jikinka Kuma Amana Ne

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa daga cikin masu hidima ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi gabanin Babbar Sallah. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan wata na Zulhajji, tsira da amincinSa su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, malamanmu sun riga sun yi bayanin hukunce-hukuncen layya. Ni tawa tunatarwa ce a kan abu guda, wato cewa hidimar Sallah a wuyanmu take mu matasa. Mu ne masu kayar da rago, mu ne masu fiɗa, mu ake aika da nama gida-gida a kan babur, mu ne kuma masu tsare layi in ana rabo. To, in aka yi sakaci, ta hannunmu cuta za ta shiga gida.

Mu fara da dabbar. Shari'a ta ce dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta isarwa ga layya, likitocin dabbobi ma abin da suke faɗa ke nan. A shekarar 2023, gab da Babbar Sallah, Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta yi gargaɗi a kan cutar saifa da ta ɓulla a arewacin Ghana, kuma a watan Yulin shekarar aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja. Alamarta ita ce dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Irin wannan ba a taɓa ta, ba a fiɗe ta, ko fatar ba a ɗauka, domin cutar tana kama mutum ta ɗan rauni a hannu. Sai a nemi likitan dabbobi. Kar arha ta ruɗe ka a kara, ka kwaso wa iyayenka jinya.

Sai kuma bayan yanka. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama kada ta taɓa dafaffe sai an wanke ta da sabulu, haka ma hannu. Kayan ciki su suka fi saurin lalacewa, don haka a dafa su a ranar. Dafaffen nama kuwa kada ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafi, in za a sake ci a ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Jini da dattin tumbi a haƙa rami a binne nesa da rijiya, kada a zuba a kwata. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da ruwa ke kwaso ƙazanta ya kai ta inda muke sha. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. In ka ga wani yana gudawa kamar ruwan shinkafa, ka haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye.

Na uku ita ce hanya, kuma nan ne ya fi yi mini ciwo. Akwai wani abokina da muka yi Islamiyya tare. Ranar wata Sallah muka yi sahu ɗaya a filin Idi, bayan la'asar ya ɗauko abokai biyu a babur suna tsere da wasu, ba ko hular kwano. Washegari muka sake yin sahu, amma shi yana kwance a gabanmu. Har yau mahaifiyarsa in ta gan ni sai ta yi hawaye. 'Yan'uwa, ajali na Allah ne, amma ganganci namu ne, kuma za a tambaye mu. A sa hular kwano a ɗaure igiyarta, a rage gudu, a daina lodin mutum uku da huɗu. Wanda kuma ya sha ƙwaya ko kodin da sunan shagalin Sallah, kada ka hau bayansa, kada ka ba shi makullinka. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma mu ba sai mun jira doka ba, addini ya riga ya hana abin da ke gusar da hankali.

Na ƙarshe shi ne cinkoso. A watan Disamba 2024, wajen rabon kayan bikin ƙarshen shekara, yara 35 suka mutu a turereniya a Ibadan, bayan 'yan kwanaki wasu suka mutu a Okija da Abuja. Alheri aka nufa, rashin tsari ya mai da shi makoki. To, in za mu raba nama, a rubuta sunaye tun da wuri mu bi mutane da shi har gida. In kuwa dole sai an taru, a yi a fili, hanyar shiga daban ta fita daban, mata da yara da tsofaffi a sallame su da farko.

Kowa a cikinmu ya ɗauki wannan ya kai unguwarsu, ya faɗa wa ƙannensa kafin ranar Idi. Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa mu ga Sallah lafiya mu wuce ta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.