Koyon Sana'a da Yaƙi da Talauci a Ƙasar Dutse



A ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama hedikwata. Ofisoshi sun yawaita, amma aikin albashi bai taɓa wadatar da jama'a ba. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen jihar suna cikin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Saboda haka batun sana'a a nan batun abinci ne da mutunci.

Lalle ne a fara duba yadda magabata suka yi. A da, yaron maƙeri yakan shekara yana zuga kafin a ba shi guduma. Idan ya ƙware, maigidansa ya sallame shi da abubuwa 3: gwaninta, da kayan aiki, da masu saye waɗanda suka san shi tun yana yaro. Haka abin yake ga majemi da baduku da magini.

Hukuma kuwa sau da yawa abu na farko kaɗai take bayarwa. Tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka soma a 1982, ya tanadi koyar da kafinta da aikin ƙarfe, amma injuna da dama suka lalace cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai. A 1986 aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, watau NDE, wadda ta riƙa tura matasa wajen masu sana'a. Duk da haka, matashin da aka koya wa ɗinki aka ba shi keke, ba zare, ba yadi, ba mai kawo ɗinki, ƙarshenta yunwa kan sa ya sayar da keken.

Maganin wannan shi ne a ɗora horo bisa abin da ƙasa take bayarwa. Dutse ta yi suna wajen dabino, jihar kuma tana noma riɗi da zoɓo masu yawa, amma galibi ɗanyu ake kwashe su daga kasuwanni irin ta Shuwarin, ribar gyarawa ta tafi wani wuri. Wanda ya iya tace riɗi, ko ƙunshe dabino, ko gyaran injin ban-ruwa, masu saye suna ƙofar gidansa.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ya kamata su bi sawun waɗanda aka horar, su rubuta abin da suka gani. Ma'aikata kuma su daina auna nasara da yawan takardun shaida da aka raba ranar biki. Ma'aunin gaskiya shi ne: bayan shekara guda, mutum nawa ne suke ci da iyalinsu daga sana'ar?

Allah ya sa a dace.