Allurar Saƙa a Lokacin Yaƙi



Yau za mu yi magana a kan allurar saƙa da zaren ulu. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, matan Ingila da Amurka sun riƙa taruwa a gidaje, makarantu da majami'u, suna saƙa wa sojoji safa, hular sanyi da suwaita. A Amurka, ƙungiyar Red Cross takan raba zare, ta tattara abin da aka saƙa, ta aika bakin daga. Aikin ba na wasa ba ne, gama sojan da ya yi kwanaki a rami cikin sanyi da jiƙaƙƙiyar safa, ƙafarsa takan ruɓe, wani lokaci har a yanke ta.

Wannan yaƙi bai tsallake mu ba. 'Ya'yan Arewa sun yi yaƙi a Habasha a 1941, daga baya aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Na gida kuwa suka noma gyaɗa, suka ba da gudummawar kuɗi. Mun san Dawuda ya kafa doka, a 1 Sama'ila sura 30, cewa mai tsaron kaya da mai fita yaƙi rabonsu ɗaya ne.

'Yan'uwa, yau ma akwai sojoji masu kwana a dazuzzukan Jibiya, Batsari da Faskari saboda 'yan bindiga. Matansu da 'ya'yansu suna bariki, wasunsu kujera ɗaya muke zama da su ranar Lahadi. Ga kuma waɗanda suka gudo cikin birnin Katsina da yara, ba ko rigar sanyi. Mu duka mun san hunturun Katsina a Disamba da Janairu.

Saboda haka muna roƙon Zumuntar Mata, kowace uwa mai iya saƙa ta koya wa yarinya ɗaya. Maza su sayi zare. Kafin Kirsimeti mu tara huluna, safa da riguna, mu raba wa Kirista da Musulmi ba bambanci, gama sanyi ba ya tambayar addini.

Allah ya tsare sojojinmu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.