Kafiretar Babur a Cikin Mota

A Ingila akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke ciro kafireta huɗu daga babur Yamaha R1, ƙirar 1998 zuwa 2001, su ɗora wa injin Ford Pinto, don sun fi kafiretar Weber araha. Daga nan sai injin ya kama tari, yana jijjiga, ana taka totur yana shaƙewa.

Abin da yawanci ake fara yi shi ne sauya jet, wato ƙaramar kafar da mai ke bi a cikin kafireta. Garaje ne wannan. Kafiretar babur ba ta son matsin mai ya wuce psi 3, famfon mota kuwa yakan zarce haka, ya rinjayi allurar da ke tsayar da mai, fetur ya malale cikin injin. A ciro fulogi a duba: in ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, wataƙila iska ce ke satar shiga. Mafi yawa ta robar da ta haɗa kafireta da injin take bi, musamman in ta tsattsage ko maɗaurinta ya saki. A fesa maganin wanke kafireta a wurin, injin na aiki. Da ƙararsa ta sauya, an gano ɓarakar.

Sai a daidaita kafireta huɗun su riƙa jan iska bai ɗaya, a duba lokacin wuta. Jet kam dole a ƙara masa girma, tunda silindar mota ta fi ta babur faɗi, amma makanikai, ku bar shi sai ƙarshe.