Daga Leipzig zuwa Barnawa: Yadda Masana Suka Karanci Zuciyar Ɗan Adam



Ilimin halayyar ɗan Adam, a matsayinsa na fanni mai cin gashin kansa, bai cika shekara 150 ba. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, yana auna lokacin da mutum kan ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Amma tambayar yadda zuciyar ɗan Adam ke aiki ta girme shi nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rasuwar ɗa, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya kuma ce a riƙa yaƙar mugun tunani da kyakkyawan tunani.

Bayan Wundt sai kawunan masana suka rabu. Freud a Viyana ya ce abin da muka binne tun ƙuruciya shi ke juya mu, har yakan ɓullo ta mafarki ko suɓutar baki. Da'awoyinsa da yawa sun kasa tsayawa gaban gwaji, amma ya koya wa likitoci su zauna su saurari majiyyaci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. John Watson ya fito a 1913 ya ce a bar abin da ido bai gani, a dubi ɗabi'a, daga baya kuma ya dogara da karnukan Pavlov da aka saba wa zubar da yawu da jin sautin da ke zuwa kafin abinci. Kada ku raina wannan. Wanda ya ga rikicin Fabrairun 2000 a nan Kaduna, har yau taya na fashewa a titi gabansa ya faɗi, tafin hannunsa ya jiƙe, jikinsa ne ya koyi tsoro. Mabiya Watson sun nuna cewa tsoron da aka koya ana iya warware shi sannu a hankali. Maslow da Rogers suka tsaya kan mutuncin majiyyaci. A shekarun 1960 Aaron Beck ya dawo da maganar gyaran tunani, kusa da inda Balkhi ya tsaya.

A ganina, duk sun fi kallon mutum shi kaɗai. Ɗan ƙasarmu Thomas Adeoye Lambo ne ya cike giɓin. A 1954, a Aro ta Abeokuta, ya saukar da majiyyata a gidajen ƙauyawa, kowa da ɗan'uwansa mai dafa masa abinci, da safe su je asibiti, da yamma su koma cikin mutane. Ya ja masu maganin gargajiya a jiki, bai kuma fasa ba da maganin asibiti ba. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mu fa? A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, da yawa don shaye-shaye ko gagara, suna neman mafita. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba za ta shiga ɗakin da aka kulle yaro ba sai mun buɗe mata ƙofa.

Malamai da fastoci, wurinku ake fara zuwa. Ku yi addu'a, sannan ku ce wa iyalin su kai majiyyacin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, nan kusa da mu, kuma wani daga gidan ya raka shi.