Tsohon Keke Ba Gwangwan Ba Ne: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya

  

An nemi in yi magana a kan tsofaffin kekuna, yadda ake samunsu da araha da yadda ake tayar da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya jingine kekensa ya koma yana kaɗe masa ƙura. Ga shi kuma kusan duk tsohon ƙarfen da ke garin nan ta hannun yaranmu 'yan gwangwan yake bi. Abin da ke damuna shi ne, sai a kawo keken da zai yi shekara ashirin yana aiki, a sa masa guduma, a ɗora a sikeli, a sayar da shi kuɗin kilo. Jama'a, wannan asara ce.

To yaya za ka gane na kirki? Fara da goshinsa. Idan ka ga tambarin kan zalɓe, Raleigh ne, wanda asalinsa garin Nottingham ne a Ingila. Can aka yi ta ƙera shi har zuwa 2002, kuma dattawa a nan sun san har a Kano an harhaɗa shi. Akwai Hercules, shi ma na Ingila, akwai Phoenix na ƙasar Sin, akwai Hero da Avon na Indiya. Duk suna aiki, amma a ganina ƙarfen tsohon Raleigh daban ne. Sai dai tambari ana cire shi a liƙa wa wani, don haka kada ka tsaya nan.

Ka duba cibiyar tayar baya. Idan mai giya uku ne (giyar keke nake nufi, kada malamai su harare ni), goge maiƙon da tsumma. In ka ga an rubuta Sturmey-Archer, yawanci akwai lambobi a gefe. Misali 74 da 6, ma'ana watan Yuni na 1974. Wannan cibiya kaɗai ta fi kuɗin kilon keken gaba ɗaya, kuma sau da yawa ɗigon mai kawai take jira.

Jikin keken shi ne komai. Taya da sarƙa da sirdi duk ana sayensu, amma jikin da ya karye ko ya lanƙwashe ba ya dawowa daidai. Tsugunna a bayansa ka hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. Shafa bututun da ke bayan wuyansa, in ka ji ƙulli ko ka ga fenti ya tattare, ya taɓa yin karo. Tsatsar sama ba komai ba ce, kananzir da soson ƙarfe sun ishe ta. Wadda ta huda ƙarfe kuwa, musamman can ƙasa wajen feda inda ruwan saman kudu yake kwanciya, bar wa mai sikeli. Sabon fenti mai sheƙi a kan tsohon keke ma abin tuhuma ne, don walda ake ɓoyewa da shi.

Wani abu da masu gyara da yawa ba su sani ba: zaren notin tsohon Raleigh, wajen feda da wuya, ya fi na sauran kekuna ƙanƙanta, 26 ne a inci ɗaya maimakon 24. In aka tilasta masa na wani keken, zaren ya ci ke nan. Shi ya sa mai dabara yake sayen matattu biyu ya fitar da rayayye ɗaya.

Inda ake samu kuwa, kada ka fara da shagon tokumbo. Zagaya filin gwangwan da sassafe kafin a fara fasa kaya, leƙa bayan rumfar masu faci, tambayi dattawan garin nan da suka bar hawa. Amma don Allah, duk keken da za ka saya a yi rubutu, a sa lambar da ke jikinsa, a samu shaida biyu. Mu baƙi ne a nan. Keken sata guda ɗaya ya isa a zo a kwashe yaran layi gaba ɗaya.

Saura batun sa inji, wanda matasa suka fi tambaya. Akwai ƙaramin injin Sin da ake ɗaure wa a tsakiyar keke, ana haɗa masa fetur da baƙin mai, yana iya kaiwa gudun kilomita 40 a awa. Ba zan hana ba, amma birkin sanda na tsohon keke ba don wannan gudun aka yi shi ba, in ruwa ya jiƙa shi kuma sai ka yi ta matsawa yana tafiya. Girgizar injin tana tsinka wayoyin taya, tana buɗe tsohuwar walda. Wanda ya nace, ya nemi jiki mai kauri marar walda, ya canza birki, ya sa hular kwano, ya kuma tambayi jami'an hanya matsayin abin a jihar nan kafin ya kashe kuɗinsa. Raleigh na asali dai a bar shi da fedarsa.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Mai tambaya ya same ni bayan sallar la'asar. Wassalamu alaikum.